Daga Katsina zuwa hamadar Oregon, inda ake rigima a kan ƙasar kowa da kowa

Ɗan yayata da ke aikin jinya a birnin Portland na jihar Oregon ya daɗe yana damuna in je in ga iyalinsa, ni kuwa ina ta ja masa rai. Da ya ga haka sai ya canza salo, ya riƙa turo mini hotunan wani daji ta WhatsApp: fili fetal ba bishiya, ga wani tsauni can nesa da ƙanƙara a kansa. Rannan ya ce, “Kawu, kai da ka ƙare aikinka a gandun daji, nan ma fa akwai rigimar kiwo irin taku, har da su bindiga.” Wannan maganar ce ta tashe ni. Na biya dala 185 kuɗin biza, aka ba ni ta shiga ɗaya mai wata uku, kamar yadda Amurka ta mayar wa 'yan Najeriya a watan Yulin 2025. A tsakiyar Satumba na tashi daga Abuja, muka yada zango a Jamus, muka sauka Seattle.

An riga an gargaɗe ni kada in kuskura in ɗauki kilishi, don haka kuka da yaji kawai na riƙo, su ma na bayyana su. Amma da jami'in kwastan ya tambaye ni ko na shiga cikin dabbobi kwanan nan, na ce ai da raguna da shanu muke kwana gida ɗaya. Sai aka kai ni gefe, aka ce in fito da takalman da ke cikin jakata. Wata mata sanye da safar hannu ta sa buroshi ta kankare ƙasan takalman tas, ta wanke su da magani, ta miƙo mini a leda tana ba ni haƙuri. Ciwon boru suke tsoro, mai kama baki da kofato, wanda rabon da a gan shi a Amurka tun 1929. Tun a nan na gane cewa mutanen nan ba sa wasa da maganar saniya.

Na huta a Portland cikin yayyafin da ba ya ɗaukewa, na ga jikoki, sannan muka yi shiri. Matar yaron ta yi mana dambun nama da naman halal, ta haɗa mana shinkafa da man gyaɗa da albasa da kayan shayi. Muka ɗora tanti da jarkokin ruwa da ƙaramin rishon gas a bayan mota muka kama hanya mai lamba 26.

Abin mamaki na farko shi ne yadda ƙasar ke juyewa. Muna hawa ta gefen tsaunin Hood cikin kurmi mai duhu, ruwa na zuba. Muna gangarawa ta gabas, cikin ƙasar da aka keɓe wa ƙabilun Warm Springs, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa, sai bishiyoyi suka fara raguwa, sama ta washe, ƙasa ta koma ruwan toka. Tsaunukan Cascade ne ke tare hadarin da ke tasowa daga teku, su tatse shi kafin ya ƙetara. Portland na samun ruwa sama da milimita 900 a shekara, amma garin Burns da muka nufa bai kai 300 ba, wato ko na Damagaram bai kai ba. Sai dai wannan hamada a kan tudu take. Burns na kan tsayin mita 1,260 daga teku, kusan daidai da Jos, kuma wani kaso na ruwan nata dusar ƙanƙara ce ta lokacin hunturu. Ba rairayi, ba tuddan yashi. Abin da ya rufe ƙasar wani ɗan tsiro ne mai toka-toka, tsayinsa daga gwiwa zuwa ƙugu. Da muka tsaya na murza ganyensa na sunsuna, sai na ji tazargade sak, kuma ashe dangi ɗaya ne. Wannan tsiron shi ne rayuwar wurin, don dabbobi da tsuntsaye da yawa a cikinsa suke ci, a cikinsa suke ɓuya.

Mun kwana a Bend, garin 'yan yawon buɗe ido mai tsadar tsiya. Nan ne mazaunin ƙungiyar da yaron yake ba wa gudummawa, Oregon Natural Desert Association, wadda kowa ke kira ONDA. An kafa ta a 1987, kuma aikinta kare filayen gwamnati da ke hamadar. A nan ya kamata in yi wa mai karatu bayani, domin ni ma sai da aka shimfiɗa mini taswira na fahimta. Fiye da rabin jihar Oregon mallakar gwamnatin tarayya ne. Hukumar da ke riƙe da mafi yawan hamadar ita ce BLM, hukumar kula da filaye ta tarayya, wadda aka kafa a 1946, kuma a faɗin Amurka tana kula da eka miliyan 245. In ka mayar da shi hekta ya kusa miliyan 100, ya fi Najeriya gaba ɗayanta girma. Kowa na da ikon shiga wannan ƙasa, ya yi yawo, ya yi farauta in yana da lasisi, ya kafa tanti har kwana 14 a wuri ɗaya ba tare da ya nemi izinin kowa ba. A kanta kuma ake kiwo, ake haƙar ma'adinai, ake ja layin lantarki. Wata dokar tarayya ta 1976 ta ce ƙasar za ta ci gaba da zama a hannun gwamnati, a yi amfani da ita ta fuskoki da yawa. Wace fuska ce za ta rinjayi wata, nan rigimar take.

Yadda ƙungiyar ke aiki ya ba ni sha'awa, don ba hayaniya ba ce kawai. Mutanenta kan shiga daji da ƙafa, su ɗauki hoto, su rubuta inda hanya take da inda babu, su haɗa rahoto su kai wa hukuma. In hukuma ta yi biris sai kotu. A 2008 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba su gaskiya, ta ce dole BLM ta duba irin waɗannan wurare da hannun mutum bai ɓata ba kafin ta tsara yadda za a yi amfani da kudu maso gabashin jihar. Gabas da Bend kaɗan muka tsaya a Badlands, wani fili mai duwatsun aman wuta da tsofaffin bishiyoyi masu murɗaɗɗen jiki, waɗansu sun haura shekara dubu. Hekta kusan 12,000 ne, kuma a 2009 majalisa ta ba shi kariya mafi ƙarfi da dokar kare daji ta 1964 ta tanada: ba mota, ba babur, ba ko keke. Amma kada a ɗauka kowa na son ƙungiyar. A 1996 ta jagoranci neman ƙuri'ar jama'a don a hana dabbobi shiga rafukan da suka gurɓata, ta sha kaye, kuma har yau masu shanu ba su manta ba.

Daga Bend zuwa Burns kilomita 210 ne a miƙe, ƙauyukan da ke tsakani kuwa gida biyu ne ko uku. Tun daga Portland, tafiyar kusan kilomita 470, ba wanda ya ɗaga mana hannu. Ni da na saba da hanyar Katsina zuwa Jibiya, inda ba ka gama sa giya ba ka iske wani shingen, sai na ji kamar mun yi wani laifi. Shingen da muka riƙa tsallakawa a ƙananan hanyoyi na shanu ne: rami a tsakiyar titi an jera bututun ƙarfe a kai, mota ta wuce da ƙara, saniya kuwa ba za ta taka ba. Yaron ya ce in lura da allunan da ke cewa nan kiwon sake ake yi, domin a irin wurin in ka buge saniya kai ne da biya.

Burns ita ce hedikwatar gundumar Harney. Gundumar ta fi jihar Katsina faɗi, mutanenta kuwa wajen 7,500 ne, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasarta na gwamnatin tarayya ne. Mun kama ɗaki mai gado biyu a kan dala 110. Da safe muka ci ƙwai da dankali da fanke a wani gidan abinci, bayan yaron ya jaddada wa mai kawo abincin cewa kada naman alade ya kusanci farantinmu. Maza sanye da malafa suna ta shan kofi suna zancen farashin maruƙa da ciyawa. Suka dube ni da hulata, ɗaya ya gyaɗa kai, suka ci gaba da hirarsu.

Kilomita 50 kudu da garin ne Malheur, matattarar tsuntsayen da shugaba Theodore Roosevelt ya keɓe a 1908, lokacin da mafarauta ke karkashe farin balbela don a yi wa hulunan mata ado da gashinsa. An ƙirga tsuntsaye sama da iri 320 a wurin. Ofishin 'yan gine-gine ne na dutse a ƙarƙashin inuwa, shiru kamar ba a taɓa yin komai ba. Nan ne a ranar 2 ga Janairun 2016 wasu mutane ɗauke da bindigogi ƙarƙashin Ammon Bundy suka mamaye, suka zauna kwana 41. Musabbabin shi ne wani uba da ɗansa, Dwight da Steven Hammond, masu shanu a gundumar, da aka samu da laifin cinna wutar da ta ci filin gwamnati. Sun yi zaman da aka fara yanke musu, sai aka ce doka ta tanadi aƙalla shekara biyar, a mayar da su. Bundy da mutanensa, waɗanda yawancinsu ba 'yan gundumar ba ne, suka ce gwamnatin tarayya ba ta da hurumin mallakar ƙasar, a mayar wa mutanen wurin. 'Yan sanda suka harbe ɗaya daga cikinsu, LaVoy Finicum, a ranar 26 ga watan. Daga baya kotu ta wanke Bundy, Trump kuma ya yi wa Hammond da ɗansa afuwa a 2018.

Da aka ce a mayar da ƙasa ga masu ita, sai ƙabilar Paiute ta Burns, 'yan asalin wurin tun kafin zuwan Turawa, ta fito ta ce to ai mu ne. A 1872 an keɓe musu ƙasa mai faɗi a yankin. Bayan wani yaƙi da sojojin Amurka a 1878 aka ƙwace, aka tasa mutum wajen 500 a tsakiyar hunturu zuwa ƙasar ƙabilar Yakama can arewa, tafiyar sama da kilomita 500 cikin ƙanƙara. Jikokin waɗanda suka lallaɓo suka dawo suna nan a gefen Burns, kan ɗan fili. Na tsaya a gindin bishiyoyin nan ina lissafi. Duk wanda ya ce ƙasar kakanninsa ce, akwai wanda kakan nasa ya tarar.

Mun sauka a zangon Page Springs kusa da ƙauyen Frenchglen, a gindin tsaunin Steens, kuɗin kwana bai kai dala 20 ba, ka sa a ambulan ka jefa a akwati, ba mai karɓa. Da na tashi yin magariba yaron ya duba wayarsa ya nuna mini alƙibla, sai na ga arewa ce ta ɗan karkata gabas. Na yi gardama, ya ce, “Kawu, duniya ƙwallo ce, ta saman ƙanƙara hanyar Makka ta fi kusa daga nan.” Na bi shi, amma raina na ta ja na gabas.

Tsaunin Steens ya kai mita 2,960 da ɗoriya, kuma hanyar burji na kai ka kusan ƙololuwa. Ta yamma a hankali ake hawa, ta gabas kuwa yanke yake kamar an sa wuƙa, ka leƙa ka ga hamada can ƙasa sama da kilomita ɗaya da rabi. A rabin hanya muka shiga wani kurmin bishiyoyi masu farin jiki, ganyensu ya koma rawaya. A jikinsu akwai rubutu da zane da aka yi da wuƙa, sunaye da shekaru, bawon ya warke ya yi baƙi a kan harufan. Makiyayan tumaki ne suka yi, yawancinsu Basque daga iyakar Sifen da Faransa, waɗanda kan yi wata da watanni su kaɗai da karnuka. A farkon ƙarni na 20 dabbobin da ke hawa tsaunin da rani sun haura 100,000, suka cinye shi har ƙasa. Dokar kiwo ta Taylor ta 1934 ce ta kawo tsari, ta raba daji yanki-yanki, ta ce sai da lasisi. Amma fifikon lasisin ya tafi ga wanda ke da gona ko ruwa nasa na kansa a kusa. Makiyayi mai yawo wanda ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa, shi ke nan tasa ta ƙare. Ciyawa ta farfaɗo, gaskiya ne. Sai dai duk mai cewa a yi wa Fulaninmu tsari irin na Amurka, ya san cewa tsarin nan da kawar da masu yawo ya fara.

A shekarar 2000 aka yi wata yarjejeniya a kan tsaunin da har yau ake misali da ita. Gwamnatin Clinton na shirin ayyana shi wurin tarihi na ƙasa da sa hannun shugaba kaɗai, masu shanu suka ga gara a zauna. Aka yi musayar filaye, aka biya diyya, majalisa ta keɓe hekta kusan 69,000, daga ciki wajen 40,000 ba a shiga da saniya ko ɗaya, sauran kuma ana ci gaba da kiwo. Aka kafa majalisar shawara da ta haɗa masu shanu da 'yan kare muhalli da wakilin Paiute. Ba wanda ya samu duk abin da yake so.

Muka gangara kudu zuwa Fields, wanda shago ɗaya ne da famfon mai da 'yan ɗakunan kwana, muka sha madarar da aka markaɗa da askirim wadda aka san wurin da ita, muka sayi mai da tsada. Daga nan sai Alvord, wani faƙo fari fat mai tsawon kilomita 19 da faɗin 11, busasshen tafki ne mai kanwa-kanwa, ya tsattsage, ba ko tsinke. Ana shiga da mota a yi ta gudu. A nan wata mai tseren mota, Jessi Combs, ta rasu a 2019 tana ƙoƙarin kafa tarihin gudu da mota mai injin jirgi. Yaron ya so ya taka, na ce ya rufa mini asiri.

A hanyar burjin da ta tashi daga kudancin Frenchglen zuwa tsaunin Hart tayarmu ta baya ta fashe. Ba sabis a waya, ba gida, ba inuwa, ga iska. Muka fito da safaya, sai noti ɗaya ya ƙi kwancewa, yaron ya hau kan sifana da ƙafa har ta fara lanƙwashewa. Mun fi awa ɗaya a nan kafin ƙura ta taso daga nesa. Wani dattijo ne a a-kori-kura, da kare a baya da tirelar doki. Bai tambaye mu komai ba, ya ɗauko wata doguwar sifana ya kwance notin, ya duba safayar ya ce iskarta ta yi kaɗan, ya ƙara mata da injinsa. Na zuba masa shayi daga fulas, na miƙa masa dambu. Ya ɗanɗana ya ƙara.

Da ya ji inda za mu sai fuskarsa ta canza kaɗan. Ya ce mutanen Bend da Portland kan zo sau ɗaya a shekara su ɗauki hoto, su koma su kai ƙara kotu, shi kuwa nan kakansa ya zauna. Na tambaye shi kuɗin kiwo. Ya ce dala 1.35 a wata kan saniya da ɗanta, abin da ya kama naira dubu biyu a canjin lokacin. Na ce ai wannan kyauta ce, don na ji a filin mai zaman kansa ya haura dala 20. Ya yi dariya ya ce a filin haya mai fili ne ke gyara waya da mashaya, a nan kuwa shi ne. Hukuma ce ke faɗa masa ranar da zai shigar da shanu da ranar da zai fitar da su da adadinsu, lasisin na shekara goma ne, kuma in fari ya zo a rage masa. In gobara ta tashi, shi da maƙwabtansa ne ke fara isa da motocin ruwa. Ya ambaci gobarar Long Draw ta 2012 da ta ci hekta sama da 220,000. A ganinsa saniya na rage busasshiyar ciyawar da wuta ke ci. 'Yan kare muhalli kuwa cewa suke kofaton saniya ne ya buɗe ƙasa ga wata baƙuwar ciyawa da ta shigo daga Turai da Asiya, mai bushewa da wuri, mai kama wuta, wadda bayan kowace gobara ita ke riga kowa tsirowa, tazargaden kuwa sai ya yi shekaru da yawa bai dawo ba. Na nuna masa hoton jajayen shanunmu masu dogon ƙaho a waya, na ce masa da ƙafa da sanda ake bin su daga Nijar har Binuwai. Ya daɗe yana kallo, ya ce 'ya'yansa biyu duk sun koma birni.

An keɓe tsaunin Hart a 1936 saboda barewar Amurka, wadda gudunta kan kusa kilomita 90 a awa. A farkon shekarun 1990 aka fitar da shanu daga wurin gaba ɗaya, kuma masu bincike na Jami'ar Jihar Oregon sun koma sun ɗauki hoto a daidai inda aka ɗauka a da, suka wallafa a 2015. Ni ma na ga rafukan da idona. Bakinsu ya cika da itatuwa da dogayen ciyayi, ruwan ya tsuke ya yi zurfi, ba zaizaya. Ni mai shanu ne, amma gani ya kori ji. Rafin da garke ya yini a bakinsa duk rani ba ya zama haka.

Daren nan na sha sanyin da ban taɓa sha ba. Da asuba na ɗauki buta na ji ta yi nauyi ba ta motsi, ruwan ya daskare. Sai da yaron ya kunna risho ya ɗumama wani kafin na yi alwala, yatsuna na zogi.

Asabar ta huɗu a watan Satumba ita ce ranar filayen jama'a a Amurka, kuma ita muka yi wa saiti. Muka haɗu da 'yan sa-kai goma sha wani abu a wani filin BLM kusa da tsaunin. A cikin gandun kansa an riga an cire tsofaffin wayoyi na ɗaruruwan kilomita, yawanci da hannun irin waɗannan mutane. A waje kuwa, inda ake kiwo, gyara ake yi. Barewar nan duk gudunta ba ta son tsallake shinge, ta ƙasa take kutsawa, waya mai ƙaya ta yage mata baya, ko ta tare ta a hanyarta ta zuwa kudu, wajen Nevada, in hunturu ya kama. Aikin shi ne a kwance wayar ƙasa mai ƙaya, a sa marar ƙaya, a ɗaga ta kamar santimita 45 daga ƙasa. Saniya ba ta fita, barewa ta wuce. Aka ba ni safar hannu ta fata da filaya da tabarau. Kana cire maƙalin da ke riƙe wayar a jikin turke, sai ta zabura ta nannaɗe, ta kama wando, ta kama hannun riga. Ana naɗe ta da hannu kamar gammo, a jingine a turke, mota ta zo ta kwashe. A wata ƙaya na ga tuttun gashi fari da ja-ja, na ciro na murza, sai na ji yana karyewa, don gashin barewar rami ne a ciki. A wayar sama kuma muna maƙala 'yan fararen robobi saboda wata kazar daji mai girman zabo, wadda kan tashi ƙasa-ƙasa da duku-duku ta yi karo da waya ta mutu. A 2015 gwamnati ta ƙi sa ta cikin jerin masu fuskantar ƙarewa, bisa alkawarin cewa hukumomi da jihohi da masu shanu za su kare mazauninta.

Abokiyar aikina wata tsohuwar malamar makaranta ce da ta haura saba'in, ta fi ni sauri nesa ba kusa ba. Akwai kuma wani maharbi da ya ce shi bai taɓa zaɓen jam'iyya ɗaya da sauran ba, amma a kan ƙasar nan tafiyarsu ɗaya. Da yamma hira ta koma kan siyasa. A watan Yunin 2025 Sanata Mike Lee na Utah ya nemi a cusa sayar da wani ɓangare na filayen gwamnati cikin dokar kasafi. Maharba da masunta da masu yawon daji suka yi ca a kan sanatocinsu da waya da wasiƙa, har 'yan jam'iyyarsa suka ja baya, ya janye. Tsugune ba ta ƙare ba, don a farkon Satumbar 2025 ma'aikatar cikin gida ta sanar da shirin soke ƙa'idar 2024 wadda ta ɗora kare ƙasa a matsayi ɗaya da kiwo da haƙar ma'adinai, ta ba jama'a kwana 60 su faɗi ra'ayinsu. Ga kuma kwazazzaban Owyhee can gabas, inda ƙudurin Sanata Ron Wyden na keɓe eka miliyan 1.1 ya yi shekaru bai zama doka ba, mutanen gundumar Malheur kuwa, inda kwazazzaban suke, tun 2016 suka kaɗa ƙuri'a, kusan tara cikin goma, cewa ba sa son shugaban ƙasa ya ayyana musu wurin da alƙalaminsa.

Malamar ta tambaye ni yadda abin yake a wajenmu. Na ce mata doka muna da ita. Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo tun 1965, ana lissafa guda 415, amma waɗanda aka sa a gazet wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana. Nijar ma ta ja iyakar noma ta arewa tun 1961, a 2010 kuma ta amince a rubuce cewa yawon kiwo haƙƙi ne, abin da Amurka ba ta yi wa makiyayanta masu yawo ba. A aikina na ga burtali mai faɗi ya koma hanyar ƙafa, kowace damina gona ta ci taku biyu. Na ga turakun iyakar gandun daji an tumɓuke, an yanka fili an raba wa masu hali. Ba wai mutanenmu ba su damu ba ne. Manomi ya damu da gonarsa, makiyayi da garkensa, amma shi dajin kansa ba shi da mai zuwa ya tsaya masa, kuma taswirar na kulle a durowar ofis, in ma tana nan. Yau dajin Rugu ko ma'aikacin gandun daji ba ya shigarsa. Su ma nan suna da ƙiyayya da bindiga, har an rasa rai. Bambancin da na gani shi ne dattijon da ya kwance mana noti da malamar nan duk suna iya buɗe taswira ɗaya a waya, su ga lambar kowane yanki da mai lasisinsa da adadin shanun da aka yarda masa, kuma kowannensu ya san ofishin da zai kai ƙorafi da ranar da za a rufe karɓa.

Muka sauko ta Plush, muka yi faci a Lakeview, muka koma Portland ta Bend. Mai da masauki da abinci da faci sun ci mana wajen dala 700, galan ɗin mai na kan dala 4 da ɗoriya. Duk mai niyyar zuwa ya riƙi ruwa da yawa da safaya mai kyau da bargo mai kauri, ya cika tanki a duk inda ya ga famfo. Muna isa gwamnatin tarayya ta tsayar da ayyukanta a ranar 1 ga Oktoba saboda rikicin kasafi, aka tura ma'aikatan filayen da yawa gida ba albashi.

Daren da zan taso yaron ya zauna rubuta ra'ayinsa a kan ƙa'idar da ake son sokewa, ya ce ni ma in rubuta. Na ce ni baƙo ne. Ya ce shafin bai tambayi fasfo ba. Na faɗa da Hausa yana juyawa: a bar ƙa'idar, domin na ga rafin da aka huta da shi, amma duk inda za a rage kiwo a zauna da ƙananan masu shanu tukuna, a biya su, kamar yadda aka yi a Steens. Ya tura, suka aiko da lambar shaidar karɓa, ya buga mini ita a takarda na sa a jaka.